Amanar Odita: Tarihi, Siyasa da Ɗa'ar Aiki a Rushewar Kamfanin Enron

1.0 Gabatarwa

A ranar 2 ga watan Disamba na shekarar 2001, kamfanin Enron da ke birnin Houston a ƙasar Amurka ya je gaban kotu ya bayyana cewa ya karye, ba zai iya biyan masu bin sa bashi ba. Wannan kamfani ne da ya nuna cinikin da ya haura dala biliyan 100 a rahotonsa na shekarar 2000, kuma yana ɗauke da ma'aikata kimanin 20,000. Duk shekara kamfanin Arthur Andersen, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi biyar na duniya a lokacin, yakan duba littattafan Enron ya sa hannu cewa lissafi ya yi daidai. Wata tara bayan faɗuwar Enron, shi ma Andersen ya daina aikin binciken kuɗi.

Wannan maƙala za ta yi amfani da wannan al'amari domin amsa tambayoyi uku da ɗalibi kan ci karo da su. Ta farko ta tarihi ce: yaya aka yi aikin odita ya samu? Ta biyu ta siyasa ce: me ya sa dokar kula da wannan aiki ba ta zuwa sai bayan an yi ɓarna? Ta uku ta ɗa'a ce: me ake buƙata daga ƙwararren akanta idan aka matsa masa lamba? Amsoshin uku duk suna komawa ga matsala guda, wato wanda ake bincika shi ne yake biyan mai binciken, alhali amanar da mai binciken ya ɗauka ta jama'a ce.

1.1 Akanta da Odita

Yana da kyau mai karatu ya bambanta kalmomi biyu da Hausa ta aro daga Ingilishi. Akanta shi ne wanda yake rubuta shige da ficen kuɗin ma'aikata, ya kuma tsara rahoton riba da hasara da na kadarori da basussuka. Odita kuwa akanta ne da yake zuwa ya duba aikin da wancan ya yi, ya faɗi ko rahoton ya nuna haƙiƙanin halin da ma'aikatar take ciki. Asalin kalmar odita daga Latin ne, daga aikatau mai ma'anar sauraro, domin a can da karanta wa mai binciken lissafi ake yi da baki yana saurare. Odita iri biyu ne. Akwai na cikin gida wanda ma'aikaci ne a kamfanin, akwai kuma na waje wanda ake ɗaukowa daga wani kamfani mai zaman kansa. Sa hannun na waje shi ne bankuna da masu hannun jari suke dogara da shi.

2.0 Tarihin Aikin Odita a Taƙaice

A shekarar 1494 wani malamin lissafi ɗan ƙasar Italiya mai suna Luca Pacioli ya wallafa bayanin hanyar da fataken birnin Venice suke bi wajen ajiye lissafi. A wannan hanya kowane ciniki ana rubuta shi wuri biyu, inda dukiya ta fito da inda ta shiga, ta yadda dole ɓangarorin biyu su yi daidai. Har yau a kan wannan tsari ake tafiya. Sai dai tsarin kuskure yake kamawa. Idan mutum ya rubuta ƙarya a ɓangarorin biyu, lissafi zai daidaita.

Muddin mai dukiya shi yake juya dukiyarsa da kansa, ba shi da buƙatar wani ya zo ya duba masa. Buƙatar ta taso ne a ƙarni na 19 a Birtaniya, lokacin da aka kafa kamfanonin jiragen ƙasa da bankuna da kuɗin dubban mutane waɗanda ba su san abin da manajoji suke yi da kuɗinsu ba. A shekarar 1854 ƙungiyar akantocin birnin Edinburgh ta sami takardar amincewar sarauta, sannan a 1880 aka kafa cibiyar ƙwararrun akantoci ta Ingila da Wales. A 1878 wani babban banki na birnin Glasgow ya rushe bayan daraktocinsa sun daɗe suna murɗa lissafi. Mafi yawan masu hannun jarinsa sun talauce, daraktocin kuma aka ɗaure su. Shekara guda bayan haka majalisa ta yi dokar da ta sa binciken odita a kan bankunan da suka yi rajista a ƙarƙashinta, a 1900 kuma aka wajabta binciken a kan kamfanoni baki ɗaya.

Ko da aka wajabta binciken, zurfinsa ya kasance abin jayayya. A shari'ar masaƙar Kingston ta 1896, manaja ya ƙara yawan audugar da ke sito a kan takarda, oditoci kuma suka yarda da takardarsa. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su, alƙali ya kwatanta odita da karen gadi wanda ba a ɗora masa aikin karen farauta ba. Wannan fahimta ta sha ruwa a Amurka a 1938, sa'ad da aka gano cewa kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya rubuta kaya da basussukan da yake bi na kimanin dala miliyan 19 waɗanda babu su sam. Daga nan aka ɗora wa odita ya je sito ya ga kaya da idonsa, ya kuma tuntuɓi waɗanda aka ce ana bin su bashi. Kafin wannan, faɗuwar kasuwar hannun jari ta 1929 ita ta haifar da dokokin 1933 da 1934, da kuma hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, wato SEC.

Abin lura a nan shi ne kowace ƙa'ida tana da ɓarnar da ta haife ta. Idan aka tambayi ɗalibi tarihin wannan sana'a, jera shekaru kawai bai isa ba. Amsa mai kyau ita ce wadda ta haɗa kowace doka da rushewar da ta zo kafin ta.

3.0 Yadda Enron Ya Ɓoye Gaskiya

An kafa Enron a 1985 bayan haɗewar kamfanonin bututun iskar gas guda biyu, ƙarƙashin shugabancin Kenneth Lay. Da zuwan Jeffrey Skilling sai kamfanin ya koma dillancin gas da wutar lantarki. Dabaru biyu aka fi amfani da su wajen ƙawata lissafi.

Dabara ta farko ita ce rubuta ribar gobe a littafin yau. Idan kamfanin ya ƙulla yarjejeniyar shekara 20, sai ya ƙiyasta ribar da zai samu a tsawon shekarun, ya rubuta ta tun a shekarar farko. Hukumar SEC ta yarda masa da wannan hanya a 1992 a harkar gas, amma ya faɗaɗa ta zuwa harkokin da ba wanda ya san farashinsu sai shi mai ƙiyasin. Misali, a shekarar 2000 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Blockbuster domin aika finafinai gidajen mutane ta intanet. Yarjejeniyar ta watse a watan Maris na 2001, amma Enron ya riga ya rubuta ribar da ta haura dala miliyan 100 a kanta.

Dabara ta biyu ita ce kafa ƙananan kamfanoni na gefe, a tura musu basussuka da kadarorin da suke jawo hasara, domin kada su bayyana a rahoton uwar kamfani. Ƙa'idar lokacin ta yarda da haka idan wani na waje mai cin gashin kansa ya zuba aƙalla kashi 3 cikin 100 na jarin. Wasu daga cikin waɗannan kamfanoni, irin su LJM, babban jami'in kuɗin Enron ɗin kansa, Andrew Fastow, shi yake tafiyar da su, kuma ya sami fiye da dala miliyan 30 daga gare su. Ke nan mutum guda shi ne mai sayarwa, shi ne kuma mai saye.

Akwai wani ciniki da ya shafi Nijeriya kai tsaye. Enron yana da jiragen ruwa uku masu ɗauke da injunan wutar lantarki da aka tanada domin Legas. A watan Disamba na 1999, da yake neman cike giɓin ribar ƙarshen shekara, sai ya sayar da wani kaso na jiragen ga bankin Merrill Lynch, wanda ya zuba dala miliyan 7, Enron kuma ya rubuta ribar dala miliyan 12. Masu gabatar da ƙara sun ce an yi wa bankin alkawarin baki cewa za a saye kason daga hannunsa cikin wata shida tare da riba, kuma a watan Yuni na 2000 kamfanin LJM2 na Fastow ya saye shi. A ƙa'idar lissafi, kuɗin da aka karɓa da alkawarin mayarwa da riba rance ne, ba a rubuta shi a matsayin ciniki. An sami wasu jami'ai da laifi a 2004, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta soke yawancin hukuncin ma'aikatan bankin a 2006.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A ranar 16 ga Oktoba 2001 Enron ya sanar da hasarar dala miliyan 618 a wata uku. A watan Nuwamba ya amsa cewa ribar da ya nuna tun daga 1997 ta wuce gaskiya da kusan dala miliyan 600. Hannun jarin da ya kai dala 90 a watan Agusta na 2000 ya faɗo ƙasa da dala 1. Kimanin ma'aikata 4,000 aka sallama a Houston nan take, kuma fiye da rabin asusun ajiyar fanshon ma'aikata a hannun jarin kamfanin yake. An yanke wa Skilling ɗaurin shekara 24 a 2006, daga baya aka rage zuwa 14. Fastow ya sami shekara 6, Lay kuwa ya rasu a watan Yuli na 2006 kafin a yanke masa hukunci.

4.0 Rawar da Siyasa Ta Taka

Tun kafin Enron ya faɗi akwai waɗanda suka hango haɗarin. A shekarun 1990 manyan kamfanonin odita sun fara samun kuɗi masu yawa daga sayar da shawarwari ga kamfanonin da suke bincika. Arthur Levitt, shugaban SEC daga 1993 zuwa 2001, ya kawo shawara a shekarar 2000 cewa a hana haɗa ayyukan biyu. Kamfanonin suka yi ta kamun ƙafa a majalisa, 'yan majalisa da dama daga jam'iyyun biyu suka matsa wa hukumar lamba. A ƙarshe aka yi sulhu a kan ƙa'ida mai sauƙi wadda babban abin da ta ƙunsa shi ne kamfanoni su riƙa bayyana abin da suke biyan oditocinsu. Kafin haka, a 1995, majalisa ta zartar da dokar da ta ƙara wahalar kai ƙarar kamfanoni da oditocinsu, duk da cewa Shugaba Bill Clinton ya ƙi sa mata hannu. Shi ma Enron ya daɗe yana ba 'yan siyasa gudummawar yaƙin neman zaɓe, kuma Lay yana cikin manyan masu tallafa wa George W. Bush.

Ko bayan faɗuwar Enron gyara bai zo da sauri ba. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurin Michael Oxley mai sassauci a watan Afrilu na 2002, ƙudurin Sanata Paul Sarbanes mai tsauri kuwa yana tafiyar hawainiya. Sai ga shi a ƙarshen watan Yuni kamfanin sadarwa na WorldCom ya amsa cewa ya ɓoye kuɗin da ya kashe har dala biliyan 3.8, adadin da daga baya ya kai kimanin biliyan 11. Shi ma Andersen ne ya kasance oditansa. Ga zaɓen majalisa yana tafe a watan Nuwamba. Cikin wata guda dokar ta wuce da ƙuri'a 423 da 3 a majalisar wakilai, da 99 ba hamayya a majalisar dattawa, Shugaba Bush ya sa mata hannu ranar 30 ga Yuli 2002.

Dokar Sarbanes-Oxley ta kafa hukuma ta musamman mai sa ido a kan oditoci, abin da ya kawo ƙarshen barin sana'ar tana kula da kanta. Ta hana odita yin wasu ayyukan shawara ga kamfanin da yake bincika. Ta wajabta sauya jagoran bincike bayan shekara 5. Ta sa shugaban kamfani da babban jami'in kuɗi su sa hannu da kansu a kan rahoto, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 20 ga wanda ya lalata takardu domin hana bincike. Wani sashe na abin da Levitt ya nema a 2000 aka hana shi, shi aka bayar a 2002 bayan dubban mutane sun rasa aiki da fansho. Wannan shi Bahaushe yake kira ihu bayan hari.

Dalilin wannan jinkiri a bayyane yake. Masu cin moriyar sassauci kaɗan ne, sun san juna, suna da kuɗin kamun ƙafa. Waɗanda za su cutu kuwa miliyoyi ne a warwatse, ba sa farga sai ranar da ajiyarsu ta salwanta. Da ƙura ta lafa kuma sai a koma neman sassauci, kamar yadda dokokin 2010 da 2012 suka ɗauke wa ƙananan kamfanoni da sababbi wasu sharuɗɗan.

5.0 Ɗa'ar Ƙwararren Akanta

Hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin ɗa'ar akantoci, wato IESBA, ta gina kundinta a kan ginshiƙai biyar: gaskiya da riƙon amana, yanke hukunci ba tare da karkata ba, ƙwarewa da taka-tsantsan, riƙe sirri, da kyakkyawan hali da ba zai zubar da mutuncin sana'a ba. Cibiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, ICAN, wadda aka kafa da dokar 1965, a kan waɗannan ginshiƙai take horar da mambobinta. Kundin ya kuma lissafa barazana biyar da suke iya rusa su: son zuciya, duba aikin da mutum ya yi da hannunsa, zama mai kare muradin wanda ake bincika, sabo, da tsoratarwa. Huɗu daga cikinsu sun fito ƙarara a tsakanin Andersen da Enron.

Ta fuskar son zuciya, a shekarar 2000 kaɗai Enron ya biya Andersen dala miliyan 52, miliyan 25 na bincike, miliyan 27 na sauran ayyuka. Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta fuskar duba aikin kai, Andersen ya yi wa Enron aikin odita na cikin gida, an kuma biya shi kuɗin shawara wajen tsara wasu kamfanonin gefen da zai dawo ya bincika. Ta fuskar sabo, ma'aikatansa suna da ofisoshi a cikin ginin Enron, kuma babban akantan Enron, Richard Causey, tsohon ma'aikacin Andersen ne. Ta fuskar tsoratarwa, wani ƙwararren Andersen mai suna Carl Bass ya yi ta ƙin amincewa da wasu lissafe-lissafen, sai Enron ya yi ƙorafi, aka janye shi daga aikin a farkon 2001.

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba na 2001, bayan SEC ta fara tambayoyi, ma'aikatan Andersen suka yi ta yayyaga takardun Enron. A ranar 15 ga Yuni 2002 aka sami kamfanin da laifin hana shari'a aikinta. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin a 2005 saboda kuskure a bayanin da aka yi wa masu taya alƙali yanke hukunci, amma a lokacin kamfanin da yake da ma'aikata kimanin 85,000 a duniya ya riga ya watse. Manyan biyar suka koma huɗu: Deloitte, PwC, EY da KPMG. Jarin odita shi ne yardar mutane da sa hannunsa, kuma hukuncin kotu bai iya dawo da wannan yarda ba.

A ɗaya ɓangaren akwai akantocin da suka tsaya. Sherron Watkins ta rubuta wa Lay takarda a watan Agusta na 2001 tana gargaɗin cewa lissafin zai rusa kamfanin. A WorldCom, Cynthia Cooper, shugabar oditocin cikin gida, ta ci gaba da bincike ita da abokan aikinta, har da dare, duk da an nemi ta dakata, sannan ta kai sakamakon ga kwamitin bincike na daraktoci. A nan ɗalibi zai iya tambaya: ina batun riƙe sirri? Amsa ita ce an sa wannan ginshiƙi ne domin kare halattaccen sirrin kasuwanci. Tun daga watan Yuli na 2017 kundin ya fayyace matakan da akanta zai bi idan ya ga an karya doka, har da yiwuwar sanar da hukuma idan cutarwar ga jama'a mai girma ce.

Ga misali irin na jarrabawa. Odita ya ga an rubuta cinikin naira miliyan 50 ranar 30 ga Disamba, amma kayan suna nan a sito, manaja kuma ya tuna masa cewa ana shirin sabunta kwangilarsa. Amsa mai kyau za ta fara da ambaton barazanar, wato son zuciya da tsoratarwa, da ginshiƙan da suke cikin haɗari. Sannan ta jera matakai: ya nemi takardun fitar da kaya, ya tuntuɓi mai sayen, ya rubuta abin da ya gani, ya kai batun ga kwamitin bincike. Idan aka ƙi gyarawa, ya bayyana rashin amincewarsa a cikin rahotonsa, in ta kama ya ajiye aikin.

6.0 Kammalawa

An ga yadda aikin odita ya samu saboda rabuwar mai dukiya da mai juya ta, da yadda kowace ƙa'ida ta biyo bayan wata ɓarna, da kuma yadda siyasa take jinkirta gyara har sai fushin masu zaɓe ya fi ƙarfin kamun ƙafa. Dokar 2002 ta rage haɗarin, amma ba ta taɓa tushensa ba, domin har yau kamfanin da ake bincika shi yake biyan odita. A shekarar 2020 kamfanin Wirecard na ƙasar Jamus ya rushe bayan an gano cewa yuro biliyan 1.9 da yake nunawa a littattafansa babu su, alhali an yi shekaru ana sa hannu a kan rahotanninsa. Saboda haka doka tana iya tsara wanda zai yi bincike da tsawon lokacin da zai yi, amma a ranar da manaja ya ajiye takarda ya ce a sa hannu, abin da ya rage shi ne halin mutumin da yake riƙe da alƙalami. Kuɗin ɗan fansho da na ƙaramin mai hannun jari a kan wannan hali suka rataya.